Bitar Gidan Tarihin Jirgin Midway a San Diego: Ziyarar da Ya Kamata a Fara Daga Ɗakin Inji

Gidan tarihin da ake kira USS Midway Museum, wanda ke bakin ruwa a tsakiyar birnin San Diego na jihar Kalifoniya, asalinsa jirgin ruwan yaƙi ne mai dakon jiragen sama da ya yi wa rundunar sojin ruwan Amurka aiki na shekara 47, daga 1945 zuwa 1992, kafin a ɗaure shi a gaɓa a buɗe wa jama'a ƙofarsa a watan Yunin 2004. Wata ƙungiya mai zaman kanta da ba ta neman riba ce ke gudanar da shi, kuma masu ziyararsa sun sha haura miliyan ɗaya a shekara. Na shige shi da hantsi, ban fito ba sai la'asar sakaliya, kuma abin da na lura da shi shi ne yawancin baƙi suna kallonsa a juye: kowa na hanzarin hawa sama inda aka jera jiragen yaƙi, a ɗauki hoto, sannan a leƙa ƙasa idan lokaci ya rage. Jiragen saman nan kimanin 30 abin kallo ne, amma ana samun irinsu a wasu gidajen tarihi. Abin da ya fi su daraja shi ne gangar jikin jirgin ruwan da kanta, wadda aka zana domin jirage masu farfela na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, amma ta rayu har ta harba jirage samfurin F/A-18 a yaƙin Tekun Fasha. Duk lokacin da maƙeran jiragen sama suka fito da sabon abu, sai an mayar da Midway wurin maƙeran jiragen ruwa an yanka an ƙara, kuma tabon kowane gyara yana nan a jikinsa ga mai ido.

Ana shiga ta babbar rumfar ajiye jirage, wadda take ƙarƙashin filin sauka da tashi. Kuɗin shiga ya haɗa da na'urar sauraro da mutum zai riƙa dannawa a kowace tasha ya ji bayani, sau da yawa da muryar waɗanda suka yi aiki a jirgin, kuma ya haɗa da zagayen hasumiyar da ake tuƙa jirgin daga cikinta. Na'urorin kwaikwayon tuƙin jirgin sama kuwa kuɗinsu daban ne, kuma a ganina mai sha'awar sanin yadda abubuwa ke aiki zai iya wuce su ba tare da ya yi asarar komai ba. Shawarata ita ce, da zarar an karɓi na'urar, a juya wa hasken da ke saukowa daga sama baya, a bi matakalar da ke gangarawa.

Dalilin fara ziyara daga ƙasa shi ne a can ne ake fahimtar tunanin waɗanda suka zana jirgin. An kafa ƙashin bayansa a masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Newport News da ke jihar Bajiniya ranar 27 ga Oktoban 1943, aka tura shi ruwa ranar 20 ga Maris 1945, wato cikin wata 17 kacal, sannan ya shiga aiki ranar 10 ga Satumba, kwana takwas bayan Japan ta sa hannu kan takardar miƙa wuya. An ba shi sunan gwabzawar da aka yi a tsibirin Midway a watan Yunin 1942, amma shi kansa bai harba ko harsashi ɗaya a wannan yaƙin ba. Jiragen dakon Amurka da suka gabace shi, ajin Essex, filin tashinsu katako ne a kan siririn ƙarfe, sulkensu kuma yana can ƙasa. Na Birtaniya su ne suke da sulke a saman filin, kuma an ga amfanin hakan a watan Janairun 1941, lokacin da jiragen Jamus suka yi wa HMS Illustrious luguden bama-bamai kusa da tsibirin Malta, amma bai nitse ba. Amurkawa suka ɗauki darasin, suka shimfiɗa wa Midway sulke mai kaurin inci uku da rabi a filin tashinsa. Kwana ɗaya tak kafin a tura shi ruwa, bama-bamai biyu suka huda filin jirgin USS Franklin kusa da gaɓar Japan, suka tayar da gobarar da ta ci rayuka sama da 700. Da wuya a sami hujjar da ta fi wannan ƙarfi kan cewa masu zanen sun yi daidai.

Sai dai sulke a sama nauyi ne a wurin da jirgin ruwa ba ya son nauyi. Domin kada ya yi saurin kifewa, sai da aka faɗaɗa shi har ya zama ba ya iya bi ta mashigin Panama, aka kuma rage masa tsayi a kan ruwa, abin da ya sa igiyar teku ke yawan watsuwa a kansa, rufin rumfar jiragensa kuma ya tsaya a ƙafa 17 da rabi. Wannan adadi na ƙarshe ya kamata baƙo ya riƙe, domin shi ne zai yanke hukunci kan irin jiragen da Midway zai iya ɗauka shekara 30 bayan haka. A ƙasa kuma aka rarraba cikinsa zuwa ƙananan ɗakuna masu ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa, ta yadda idan an huda ɗaya sauran za su tsira. Mai ziyara yana jin wannan tsari a ƙwaurinsa kafin ya ji shi a na'urar sauraro, domin kowace ƙofa tana da dokin ƙarfe da sai an ɗaga ƙafa a tsallake, a kuma sunkuyar da kai a lokaci guda. Ɗakin injin da aka buɗe wa baƙi, ɗaya daga cikin huɗu, shi ne wurin da na fi daɗewa a ƙasa. Tukwanen tururi 12 ne suke ciyar da injuna huɗu, kowanne da farfelarsa, ƙarfinsu gaba ɗaya ya kai na dawaki 212,000, kuma suna iya tura wannan dutsen ƙarfe a gudun da ya kai kilomita 60 a awa. Yanzu wurin shiru ne, an share an yi fenti, saboda haka dole mutum ya ƙara masa zafi da ƙara a ransa. Abin da ya kamata a fita da shi daga nan shi ne cewa tururin waɗannan tukwane ne daga baya ya zama abin harba jiragen sama, wanda ba a yi tunaninsa ba lokacin da aka dasa su.

Wuraren zaman ma'aikata an gyara su da kyau, kuma ba sa buƙatar dogon bayani: gadaje hawa uku da ba a iya zama a miƙe a kansu, ɗakin girki, wurin wanki, asibiti har da ɗakin tiyata da na likitan haƙori, ofishin wasiƙu, da ɗan kurkukun masu laifi. Mutum kimanin 4,500 ne suke rayuwa a ciki a lokaci guda, yawancinsu samari, kuma bambancin da ke tsakanin makwancin ƙaramin soja da masaukin babban hafsa ya isa darasi shi kaɗai.

Idan aka dawo rumfar jirage, sai a tarar da jirage masu farfela irin su SBD Dauntless da TBM Avenger da F4U Corsair, kuma irin waɗannan ne aka auna jirgin da su. A takarda yana iya ɗaukar sama da 130, ko da yake tun farko an gane cewa sarrafa wannan adadi daga fili ɗaya ya fi ƙarfin ma'aikata. Tsarin sauka a wancan zamani mai sauƙi ne: fili miƙaƙƙe, jirage suna sauka daga baya, ƙugiyar da ke wutsiyarsu ta kama ɗaya daga cikin igiyoyin ƙarfe da aka gitta, waɗanda suka riga suka sauka kuma a tura su gaba a jera, sai a tayar da shingen waya tsakanin ɓangarorin biyu. Wanda ƙugiyarsa ta kuskure igiya, shinge ya tare shi. Wannan dabara ta yi aiki muddin jirgi na tafe a hankali kuma injinsa na amsawa nan take. Amma Midway bai cika wata uku da fara aiki ba sai matuƙin Birtaniya Eric Brown ya sauke jirgi mai injin jet a kan HMS Ocean a watan Disambar 1945, a Yulin 1946 kuma aka gwada na Amurka a kan USS Franklin D. Roosevelt, ɗan'uwan Midway. Jiragen jet na farko suna sauka da gudu mai yawa, sun fi nauyi, injinsu kuma yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya amsa idan matuƙi ya nemi ƙarin ƙarfi, kuma idan suka tsallake shinge, cikin jerin jirage masu cike da mai suke faɗawa. A kan Midway ɗin nan ne a 1951 jirgin F9F Panther na Kwamanda George Duncan ya daki bakin filin ta baya ya rabe biyu cikin wuta, shi kuwa Allah ya yi da sauran kwanansa. Akwai samfurin Panther a gidan tarihin, kuma ya cancanci a tsaya a gabansa da wannan labari a zuciya.

Mafita ta zo daga Birtaniya, har kashi uku, kuma abin yabo ne cewa duka ukun ana iya ganin su ko taka su a wannan jirgi. Na farko shi ne karkataccen fili, tunanin Kyaftin Dennis Cambell, wato a karkatar da layin sauka zuwa hagu, ta yadda jirgin da ya kuskure igiya zai tarar da sarari a gabansa ya sake tashi ya zagayo. An gwada dabarar a kan Midway a watan Mayun 1952 da fenti kawai, aka zana karkataccen layi a kan miƙaƙƙen fili jirage suna taɓawa suna tashi. Na biyu shi ne majaujawar tururi ta Kwamanda Colin Mitchell, wato na'urar da ke cilla jirgin sama lokacin tashi, wadda aka fara gwadawa a kan HMS Perseus. Na uku shi ne madubin sauka na Nicholas Goodhart, mai nuna wa matuƙi ko yana gangarowa daidai, wanda daga baya aka maye gurbinsa da jerin fitilu masu gilashi na musamman. Daga 1955 zuwa 1957 Midway yana masana'antar sojin ruwa ta Puget Sound, inda aka ɗora masa karkataccen fili na gaske, aka dasa majaujawa uku, aka rufe hancinsa da ƙarfe saboda guguwa, aka kuma rage manyan bindigoginsa masu bakin inci biyar, waɗanda asalinsu 18 ne kuma a ƙarshe ba a bar ko ɗaya ba, domin nauyin jirage ya ci gurbinsu.

A nan ne hidimar gidan tarihin ta fi burge ni. A kan filin tashi, tsofaffin sojojin ruwa masu aikin sa kai, da yawansu matuƙa ne a da, suna gabatar da jawabi biyu a kai a kai cikin yini, ɗaya a gaba kan harba jirgi, ɗaya a baya kan saukarsa, kuma duk wanda ya bar wurin bai zauna ya saurare su ba, rabin ziyara ya yi. A gaba ake bayyana cewa abin da ido ke gani, wato siririyar tsaga a ƙasa da ɗan ƙarfen da ke leƙowa daga cikinta, kan abin ne kawai. A ƙarƙashi akwai dogayen bututu biyu da fistoci a cikinsu, da manyan tankuna da ake tara tururi daga tukwanen nan na ƙasa. Ana ɗaure jirgi da wannan ƙarfe, a riƙe shi ta baya da wani abin da aka auna zai saki a daidai wani ƙarfi, matuƙi ya buɗe injinsa gaba ɗaya ya sara wa jami'in harbi, sannan a saki tururin. Cikin tazarar da ba ta kai mita 80 ba, kuma cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, jirgi mai nauyin tan 20 ko fiye ya kai gudun kusan kilomita 250 a awa. Ana daidaita ƙarfin tururin da nauyin kowane jirgi, domin idan ya gaza jirgin saman zai faɗa cikin ruwa, idan ya yi yawa kuma ya lahanta shi. Shi ma jirgin ruwan yana ba da nasa taimakon ta hanyar fuskantar iska da gudu, kuma a nan ne mutum ke gane dalilin waɗancan dawaki 212,000.

Jawabin sauka ya fi wancan sa tsigar jiki tashi. Matuƙi yana kallon fitila mai ruwan goro a gefen hagu na filin, yana ƙoƙarin daidaita ta da jerin korayen fitilu: idan ta haura su ya yi sama da yawa, idan ta gangaro ya yi ƙasa. Wani matuƙi ɗan'uwansa yana tsaye a wani ɗan dandamali a baya yana yi masa magana ta rediyo, kuma yana ba kowace sauka maki. Abin da ya fi ba baƙi mamaki shi ne, a daidai lokacin da tayoyi suka taɓa ƙasa matuƙi yana ƙara wa injinsa wuta, domin bai san ko ƙugiyarsa ta kama ba, kuma idan ba ta kama ba ba shi da lokacin tunani. Idan ta kama, wani inji mai aiki da matsin ruwan mai a ƙarƙashin filin ya shanye ƙarfin, jirgin ya tsaya cikin kimanin mita 100. Ana kuma bayyana launukan rigunan ma'aikatan fili, waɗanda su ne harshen wurin da ƙara ba ta barin a ji magana: masu rawaya suna jagorantar jirage da ba da umarnin harbi, masu kore suna kula da majaujawa da igiyoyi, masu shunayya mai suke zubawa, masu ja makamai, masu fari tsaro da lafiya. Ingancin jawabin, kamar yadda ake tsammani, yana bin wanda aka dace da shi, amma waɗanda na saurara sun san abin da suke faɗa a aikace, kuma suna amsa tambaya da haƙuri.

Filin da ake tsaye a kai ana sauraron wannan bayani ba na 1957 ba ne. A 1966 an sake shigar da jirgin masana'antar Hunters Point da ke San Francisco, bai fito ba sai 1970. An faɗaɗa filin daga eka 2.8 zuwa eka 4, aka ƙara karkatar layin sauka, aka mayar da majaujawa biyu masu ƙarfi a madadin ukun da, aka girka manyan liftoci a gefen jirgi masu iya ɗaga kusan ninki biyu na nauyin da. An yi kasafin dala miliyan 88, aikin ya ci miliyan 202, kuma wannan ne ya sa aka fasa yi wa Franklin D. Roosevelt irinsa, aka sallame shi tun 1977. Idan mutum ya tsaya a gaɓa kafin ya shiga ya dubi jirgin daga gaba, zai ga yadda filin ya zarce gangar jikin ta kowane gefe, kamar faifai a kan bakin tulu. Jirgin da aka rubuta masa tan 45,000 lokacin da ya fara aiki ya haura tan 60,000 idan an cika shi, ya ƙara nitsewa cikin ruwa. A 1986, a sansanin Yokosuka na Japan inda yake zaune tun 1973, aka liƙa masa ƙarin ciki na ƙarfe a kowane gefe domin a ɗago shi. Ya ɗago, amma garin neman gira aka kusa rasa ido, domin ya koma yana tangaɗi da sauri fiye da da, har sauka a kansa ta zama wahala a tekun da ba ta kai a kira ta mai haushi ba. Wannan babi, a ganina, shi ne mafi ilmantarwa a tarihin jirgin, domin yana nuna iyakar abin da gyara zai iya yi wa zanen da aka yi domin wani zamani, kuma baƙon da ke son jin sa da kyau sai ya tambayi masu aikin sa kai, musamman waɗanda suka yi aiki a kansa a ƙarshen shekarun 1980.

Jiragen da aka jera a sama an kula da su sosai, wasu ma ana barin a hau a zauna a kujerar matuƙi. Akwai A-1 Skyraider mai farfela, wanda irinsa daga Midway suka kakkaɓo jirgin yaƙin Biyetnam ta Arewa samfurin MiG-17 da bindiga a watan Yunin 1965, kwanaki kaɗan bayan jiragen F-4 Phantom na wannan jirgi sun harbo MiG na farko da aka tabbatar wa Amurka a yaƙin Biyetnam; na ƙarshe ma, a Janairun 1973, daga nan aka tashi aka harbo shi. Akwai A-3 Skywarrior da ake wa laƙabi da kifi whale saboda girmansa, wanda nauyinsa ke haura tan 30, alhali Corsair ɗin da ke ƙasa bai wuce tan shida ba, kuma wannan tazara ita ce ta sa adadin jiragen da Midway ke ɗauka ya sauko zuwa kimanin 65. Akwai A-6 Intruder da A-7 da E-2 Hawkeye mai faifan rada a gadon baya, da jirage masu saukar ungulu iri-iri. Amma akwai abin da ya kamata mai ziyara ya sani: F-14 Tomcat, wanda ya fi kowanne jan masu ɗaukar hoto, da S-3 Viking, ba su taɓa zama cikin rundunar jiragen Midway ta dindindin ba, domin rumfarsa mai gajeren rufi da ƙarancin wuri ba su dace da kula da su ba. Shi ya sa ya riƙe Phantom har zuwa Maris 1986, lokacin da aka yi harbin ƙarshe na wannan samfuri daga kansa, sannan ya tsallaka kai tsaye zuwa F/A-18. Ajiye su a nan ba laifi ba ne, tunda gidan yana ba da tarihin jiragen sojin ruwa baki ɗaya, sai dai wanda bai san wannan ba zai rasa mafi kyawun misalin yadda ma'aunin da aka tsayar a 1943 ya hana jirgin 1974 masauki.

Zagayen hasumiya da jagora ake yin sa, rukuni-rukuni, ta matakalai masu tsayi da ƙunci, saboda haka layi yana tsawo kuma ana rufe shi kafin sauran wurare. Gara a yi shi kafin azahar. Ana ganin ɗakin mai kula da zirga-zirgar jirage, da ɗakin taswira, da wurin zaman kyaftin. Daga wannan kujera ce Kyaftin Lawrence Chambers, baƙar fata na farko da ya jagoranci jirgin dakon jiragen Amurka, ya yanke shawarar da aka fi tunawa da ita a ƙarshen Afrilun 1975, lokacin kwashe mutane daga Saigon, babban birnin Biyetnam ta Kudu a wancan lokaci. Wani hafsan sojin saman Biyetnam ta Kudu, Manjo Buang-Ly, ya zo yana shawagi a ƙaramin jirgi samfurin O-1 Bird Dog da matarsa da 'ya'yansa biyar, ya jefo takarda yana roƙon a ba shi wuri, filin kuwa cike yake da jirage masu saukar ungulu. Chambers ya sa aka tura wasu cikin teku, mutumin ya sauka lafiya ba tare da ƙugiya ba. Ainihin jirgin yana gidan tarihin jiragen sojin ruwa na Pensacola, wanda ke rataye a rumfar Midway irinsa ne. Sama da mutum 3,000 jirgin ya kwasa a wannan aiki.

Labari irin wannan gidan ya iya ba da shi, kuma ya cancanci a ba da shi. Amma baƙo ya sani cewa daga bakin masu jirgi yake jin tarihin, mutanen da suka ba shi ƙuruciyarsu kuma suke ƙaunarsa. Ana bayani dalla-dalla kan yadda ake ɗora bam da yadda ake harba jirgin da ke ɗauke da shi, wanda kuwa yake son sanin abin da ya faru a ƙasa a Biyetnam ko Iraƙi bayan an sake shi, sai ya nemi wannan a littattafai. Ban ɗauki hakan a matsayin yaudara ba, illa dai iyaka ce ta irin wannan gida, kuma mai hankali zai shiga da saninta.

Wurin da aka ɗaure jirgin shi ma wani ɓangare ne na darasin. Daga bakin filin ana hango sansanin North Island a tsallaken ruwa, inda Glenn Curtiss ya yi gwajin jirginsa mai tashi daga kan ruwa a 1911, kuma idan an yi sa'a za a ga ɗaya daga cikin manyan jiragen ajin Nimitz masu aiki da nukiliya a ɗaure a can, mai nauyin kusan tan 100,000. Karkataccen filinsu da igiyoyinsu da majaujawar tururinsu duk jikokin abin da aka taka a nan ne. Sai a jirgin Gerald R. Ford, wanda ita ma Newport News ce ta ƙera shi ya shiga aiki a 2017, aka bar tururi aka koma harbi da maganaɗisun lantarki, hanyar da ƙasar Sin ma ta bi a jirginta Fujian. Sauran jiragen dakon da aka mayar gidajen tarihi a Amurka, wato Intrepid da Yorktown da Lexington da Hornet, duk ajin Essex ne, 'yan'uwan Midway biyu kuma, Roosevelt da Coral Sea, an yanka su an sayar da ƙarfensu, saboda haka babu wani wurin da za a ga wannan tsani na tsakiya sai nan.

Ga wanda ke sha'awar yadda ƙirar jirgin ruwa da ta jirgin sama suka yi ta jan juna, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, da sharaɗin ya ware aƙalla awa huɗu, ya sa takalmi mai riƙe ƙafa, ya kuma tanadi hula domin filin tashi ba shi da inuwa sai ƙarƙashin fukafukai. Mai keken guragu ko wanda gwiwa ke damu zai iya kaiwa rumfar jirage da filin sama ta lifta, amma ɗakin inji da hasumiya sai da ƙafa. Ranar aiki ta fi ƙarshen mako sarari, kuma wanda ya iso da buɗewa ya gangara ƙasa kai tsaye zai sami ɗakin injin kusan shi kaɗai, ya fito sama daidai lokacin da ake shirin jawabin majaujawa.